Wahl-O-Mat: manhajar da ta nuna min jam'iyyar da muka dace, amma ba ta gaya min ina ƙuri'ata za ta ƙare ba

Jama'a, musamman 'yan uwa da ke zaune a Jamus waɗanda suka samu takardar zama ɗan ƙasa bayan an sassauta dokar a watan Yunin 2024, ga abin da na gani game da wannan manhaja da ake kira Wahl-O-Mat. Ni a Hamburg nake, zaɓen majalisar tarayya na 23 ga Fabrairun 2025 shi ne na farko da na jefa ƙuri'a a ƙasar nan, kuma gaskiya kafin nan in ka ce min in bambance jam'iyyun SPD da FDP sai dai in yi maka murmushi.

Wani abokin aikina Bajamushe ne ya ce in gwada ta. Kyauta ce, ba rajista, hukumar gwamnati mai wayar da kan jama'a kan siyasa ce ke fitar da ita tun 2002. Za ta jero maka batutuwa 38, kowanne ka danna na yarda, ban yarda ba, ko ina tsaka-tsaki, in ka ga dama ka tsallake. A ta zaɓen 2025 akwai batun ci gaba da ba Yukren makamai, da ƙayyade gudun mota a manyan titunansu, da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa yuro 15 a awa, har da batun riƙe fasfo biyu wanda shi kam ban tsaya tunani ba. Waɗanda suka fi damunka kana iya ninka musu maki. A ƙarshe sai ta auna amsoshinka da amsoshin da jam'iyyun suka bayar da kansu, ta ce maka kai da wannan kun yi daidai kashi kaza.

Nan kam na yaba mata. Ina kan jirgin ƙasa na gama cikin minti ashirin, kuma ƙarƙashin kowane batu akwai hujjar kowace jam'iyya, to a nan ne ma na fi ƙaruwa, don wata jam'iyyar da nake wa kallon tamu ce sai na ga ashe bakinmu bai zo ɗaya ba ko kaɗan. Jamusancin dai na 'yan boko ne, sai da na riƙa neman fassarar wasu kalmomin.

Inda ta gaza a wurina, ba ta gaya maka yadda ƙuri'a ke zama kujera. Mu da muka taso a Najeriya abin da muka sani shi ne wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke tafiya majalisa, ko da tazarar ƙuri'a ɗaya ce, sauran kowa ya kama gabansa. A nan takarda ɗaya ce amma ƙuri'a biyu gare ka, ta hagu ta ɗan takarar mazaɓarku ce cikin mazaɓu 299, ta dama kuma ta jam'iyya ce, kuma wai ita ake kira ta biyu alhali ita ce uwa, don da ita ake raba kujeru 630 na Bundestag, wato majalisar tarayya, gwargwadon kason kowace jam'iyya. Har ta kai mutum 23 sun ci mazaɓunsu a wannan zaɓen amma ba su shiga majalisa ba, saboda kason jam'iyyarsu a jiharsu bai kai ya ɗauke su ba. Ka ci zaɓe a ce ka zauna gida! A wajenmu ai da har yanzu ana kotu.

Sai kuma shingen kashi 5. Jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 ba, ba ta kuma ci mazaɓu uku ba, ba ta da ko kujera ɗaya, sai dai jam'iyyar tsirarun ƙabilu irin SSW da aka ɗauke wa wannan sharaɗin. Manhajar ta sa min wata ƙaramar jam'iyya a sama, na yi ta murna na samu gida, sai abokin nan ya yi dariya ya ce je ka duba ko sun taɓa shiga majalisa. Kuma ba ƙanana kaɗai abin ke ci ba, FDP da aka yi gwamnatin da ta wuce da ita ta tsaya a kashi 4.3 ta fice, jam'iyyar BSW ta samu 4.98, ƙuri'a ƙasa da dubu goma suka hana ta. Da ta shiga, da kujerun kowa sun ragu, da CDU/CSU mai kujera 208 da SPD mai 120 ba su kai rinjaye su biyu ba, sai sun nemo na uku. Haɗakar tasu 328 ce, 316 ake buƙata, amma duk da haka ranar 6 ga Mayun 2025 Friedrich Merz na CDU ƙuri'a 310 ya samu a zagayen farko na zaɓen shugaban gwamnati, sai a na biyu ya tsallake da 325.

To ka ga duk wannan lissafin, wa zai haɗa kai da wa, wa ke bakin shinge, manhajar ba ruwanta. Na fahimci dalili, hukumar gwamnati ce, ba za ta so a ce ta kashe wa ƙananan jam'iyyu kasuwa ba, su ma sun rubuta cewa ba shawarar wanda za ka zaɓa suke ba ka ba. Amma sabon shiga irina zai iya ɗaukar kason nan tamkar fatawa.

In za a ba da maki, huɗu cikin biyar na ba ta. Ku gwada, ku karanta hujjojin, sannan ku duba ƙiyasin ra'ayin jama'a kafin ku shiga rumfa. Ni dai ina cewa na gane kan abin, mako guda bayan nan aka yi zaɓen majalisar Hamburg, aka miƙo min takardu kamar littafi aka ce ƙuri'a goma gare ni.