Mota Mai Ɗaki ko Bas: Daga Kumasi Zuwa Tamale

Tsakanin Kumasi da Tamale a ƙasar Ghana akwai tafiyar kimanin kilomita 380, kuma wanda ke son ya ɗanɗani abincin garuruwan da ke kan hanya zai ga bambanci mai yawa tsakanin bas da motar nan mai makwanci da wurin girki a ciki, irin wadda masu yawon buɗe ido ke zagaya Amurka da Turai da ita.

Mai irin wannan mota shi ke da ikon lokacinsa. Yana iya tsayawa a kasuwar Techiman ya zaɓi doya da hannunsa, ya kwana kusa da magangarar ruwan Kintampo, sannan washegari ya isa gadar Buipe a kan kogin Baƙin Volta, inda mata ke tallan kifi, ya yi ciniki a natse, ya dafa da kansa idan ya ga dama. Sai dai tana shan mai ƙwarai, kayan gyaranta suna da wuyar samu a Ghana, kuma dole ne ya nemi amintaccen wurin kwana tun kafin magariba.

Bas ya fi araha nesa ba kusa ba, amma direba ne ke yanke inda za a tsaya, saboda haka fasinja kan sayi soyayyar doya da yaji a gaggauce, ya ci a kujerarsa.

A ganina, mai ƙaramin ƙarfi ya shiga bas, ya sauka a Kintampo ya kwana, sannan ya ƙarasa Tamale, inda zai sami tuwon zafi da miyar ayoyo, da tubani, da gasasshen zabo a cikin gari.