Motar da ta kai mu jirgin ruwan Jidda, ni da Inna da maiɗakina

Tun da munka dawo Birnin Kebbi mutane ke ta tambayata yadda munka yi da zancen mota can Saudiyya, har wasu na cewa in ba su lambar kamfanin da ejan ɗinmu ya haɗa mu da shi. To ni dai ba zan ba kowa lamba ba sai ya ji abin da ya faru tukuna, mai daɗi da mara daɗi, don tahiya da tsohuwa ba abin wasa ba ce.

Mu uku munka tahi, ni da Inna da maiɗakina. Niyyar ita ce mu yi Umara sannan mu shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Aroya na kwana uku, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024. Abin da ya sa na yarda na sa Inna ciki shi ne ba giya a jirgin, abinci halal ne, ga wurin salla. Tun rasuwar Baba ba ta taɓa fita don hutu kawai ba, kuma ita da ta girma bakin gulbi a Yauri ta daɗe tana cewa tana son ta ga teku da idonta.

Tun daga gida zaɓin filin jirgi ya fara. Filinmu na Ambursa shina nan, amma ranar da nike so ban samu jirgin Abuja da ya dace da lokacinmu ba, sai munka bi ta Argungu zuwa Sakkwato, tahiyar kamar awa biyu, munka hau daga can. Wani abokina yac ce mu bi mota zuwa Kano kawai mu tashi daga can, na ce a'a, hanyar Gusau da tsohuwa a mota ban iya wannan kasadar. Munka kwana Abuja, washegari munka tashi, jirgin ya tsaya Alƙahira munka canza wani.

Ejan ya ba ni zaɓi biyu, ko mu sauka Jidda ko mu sauka Madina. Mutane da yawa za su ce ai tunda jirgin ruwan Jidda yake to a sauka Jidda, kuma gaskiya in jirgin ruwan kaɗai ya kawo ka to haka ne, kada ma ka tsaya wani tunani, ka sauka Jidda kwana ɗaya kafin ranar ka kama otal ka huta. Amma mu da Umara a gaba Madina ta fi mana. In ka sauka Jidda da niyyar wucewa Makka sai ka ɗaura harami tun cikin jirgi kafin a ƙetare miƙati, ga gajiyar dare ga layin shige da fice sannan ga ɗawafi da sa'ayi na jiranka, Inna kuma gwiwa na damunta. Filin Madina bai kai na Jidda girma da hayaniya ba, kuma ba nisa da gari. A nan ban yi nadama ba ko kaɗan.

Yanzu kamfanin motar. Kuɗin tahiya huɗu na biya tun ina gida: filin jirgin Madina zuwa otal, Madina zuwa Makka, Makka zuwa tashar jirgin ruwa, sannan tashar zuwa filin jirgin Jidda ranar dawowa. Anka rubuto min cewa babbar mota ce mai ɗaukar mu da akwatuna biyar da keken Inna.

Ta farko da ta biyu direba ɗaya ne, kuma wallahi in don shi ne da na ce kowa ya je wurinsu ido rufe. Bahaushe ne haihuwar Madina, yac ce kakanninsa daga ƙasar Gwandu sunka taho tun zamanin da ake zuwa hajji a ƙasa ta Sudan, Hausarsa ta gauraye da Larabci amma ana ganewa sarai. Jirginmu ya yi lattin kusan awa ɗaya amma munka ishe shi tsaye da sunana a takarda. Da ya ga Inna sai ya rusuna yac ce "Hajiya sannu da hanya, Allah ya karɓa", ya ɗauko wani ɗan matakala na roba daga but ya ajiye mata bakin ƙofa don ta taka ta hau. Wannan ɗan matakalan kaɗai ya sa na ji kuɗina bai tahi banza ba. Shi ya kai ni shago na sayi layin STC, shi ya ce in canji riyal in riƙe a hannu don a lokacin katin naira bai aiki waje.

Ranar tahiya Makka ya tsaya damu Bi'ir Ali munka yi niyya, bai gaggauta mu ba, a hanya ma ya tsaya sau biyu don Inna ta miƙe ƙafa ta kama ruwa. Tahiyar ta fi kilomita 400, mun ci awa biyar da tsaye-tsayen. Akwai jirgin ƙasan Haramain da anka buɗe 2018, shina gudun kilomita 300 a awa, ya ɗauko daga Madina ya tsaya Rabig, ya tsaya cikin filin jirgin Jidda, ya tsaya Sulaimaniyya sannan Makka. Na so mu hau shi ƙwarai, to amma ƙa'idar kayansu babbar jaka ɗaya ce da ta hannu ga kowane mutum, mu kuma namu ya wuce haka. Mai kaya kaɗan jirgin ƙasan ya fi masa sauri da hutawa, wannan ba ja.

Tahiya ta uku ita ce wadda har yanzu in na tuna raina ke ɓaci. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za ka ce direba dakata ga fasinja nan tahe, suna da lokacin rufe rajista kafin tashi, in ya wuce ya wuce, mutum sama da 3,000 ba za a tsayar da su don ku uku ba, kuɗinka kuma sun tahi. Don haka na kira ofishin tun daren na ce ƙarfe 10 na safe nike son mota, anka ce ba damuwa Alhaji. Ƙarfe 10 ta yi ba mota, 11 ta yi ba mota, ina kira ana cewa ga shi nan kusa da ku, Inna na zaune a keke bakin otal da carbi a hannu tana ce min "ɗan nan kwantar da hankalinka, in da rabo za mu shiga". Sai sha biyu saura wata ƙaramar mota taz zo, wani direba daban, ba Hausa ba Turanci, Larabcin ma kaɗan-kaɗan muke fahimtar juna. Akwatuna uku sunka shiga but, keken Inna anka tura shi da ƙyar, sauran biyun ɗaya a kan cinyar maiɗakina ɗaya a kan tawa.

Daga Makka zuwa Jidda kamar kilomita 80 ne, awa ɗaya in hanya na da sauƙi. Tashar ruwan tana wajen tsohon gari ne, kusa da Balad da Bab Makka inda alhazanmu ke sayayya, filin jirgi kuma can arewa yake bayan gari. Muna shiga Jidda na ga ya karkata dama ya hau wani babban titi, na yi shiru ina zaton gajerar hanya ce, sai da na fara ganin allunan da hoton jirgin sama sannan na buɗe taswira a waya na ga muna nisa da teku. Ashe a ofis "Jidda" kawai anka rubuta masa, shi kuma kullum aikinsa kai alhazai filin jirgi ne. Na ce masa ba maɗar ba, wato filin jirgin sama, mina, mina. To a Larabci tashar jirgin ruwa sunanta mina, shi kuma bawan Allah sai ya ɗauka Muna nike nufi ta aikin hajji, har ya fara ce min ziyara kuɗinta daban ne. Sai da na nuna masa hoton jirgin a tikiti sannan ya dafe kai ya juya.

Ko da munka iso ma bai san ƙofa ba, ya shiga layin manyan motocin kwantena, wani mai gadi ya maido mu baya ya nuna mana hanyar fasinja. Ba zan ɗora wa direban laifi ba, ya yi ta ba mu haƙuri, kuma da kansa ya tura keken Inna har cikin zaure. Laifin na ofis ne. Sun karɓi kuɗin babbar mota sunka aiko ƙarama, sun san jirgin ruwa za mu tunda hoton tikitin na wurinsu, amma ba wanda ya damu ya gaya wa direba. Da na duba Careem, manhajar kiran tasi ta waya, daga baya na ga abin da na biya su na wagga tahiya ya kusa ninka abin da zan biya can.

Mun samu shiga, Alhamdulillah, muna cikin na ƙarshe-ƙarshe. Wani abu da ban sani ba sai a wurin, manyan akwatuna karɓa ake yi a liƙa musu lambar ɗaki a kai maka daga baya, namu sai bayan magariba sunka iso. Allah ya sa maiɗakina ta cire maganin hawan jinin Inna ta sa a jakar hannu da fasfo da caja. Sannan zancen biza, namu jirgin bai fita ruwan Saudiyya ba, amma akwai tahiyar da ke leƙawa Masar ko Jodan, to mai son irin wannan ya tambayi ejan da kyau ko bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, tun kafin ya biya kuɗin ɗaki.

Da jirgin ya fara ja baya Inna tac ce a kai ta bakin ƙarfen nan na sama, ta riƙe shi da hannu biyu tana kallon fitilun Jidda suna ƙanƙancewa, ba ta ce komai ba sai tasbihi. Na tsaya bayanta ina riƙe da mayafinta don iska.

Tahiya ta huɗu ban jira ofis ba, tun muna cikin jirgin na kira direbanmu na Madina na roƙe shi, yac ce shi ba zai samu zuwa ba amma zai turo ƙanensa da ke Jidda. Yaron yaz zo kafin lokaci da babbar mota, kuma tambayar farko da yay yi min ita ce wace tamina ce a tikitinku, don filin Jidda akwai Tamina 1 sabuwa mai tashar jirgin ƙasa, akwai ta arewa, akwai ta alhazai mai rumfuna, kuma tsakaninsu tahiyar mota ce ba ta ƙafa ba. Ya kai mu daidai, ya nuna min inda ake sayen zamzam mai lita 5, na biya shi daga aljihuna.

In maki za ni ba su, direbobin maki biyar cikin biyar, ofishin kuwa maki ɗaya. Na rubuta musu kan bambancin kuɗin mota da kuɗin tahiya ta huɗu da ban yi da su ba, sunka ce za su maido ta hannun ejan, yau sati shida ke nan ina jira.