Zaɓin Kwas da Kayan Aiki na Intanet ga Mai Kula da Laburaren Makarantar Karkara

A makarantu da dama na karkarar Kano da Jigawa, malamin aji ake damƙa wa makullin laburare, galibi na Hausa ko na Turanci, a ɗora masa wannan aiki a kan darussansa ba tare da an tura shi wata bita ba. Idan malamin mai kishin aikinsa ne, zai fara laluben inda zai ƙaro ilimi ta waya, kuma nan da nan zai tarar da tallace-tallacen kwasa-kwasai iri-iri, wasu kyauta, wasu da kuɗi. Kafin ya taɓa albashinsa, ya kamata ya tantance abin da yake nema, domin iya aikin laburare daban, takardar shaidar da za ta yi masa amfani wajen ƙarin girma daban, kuma da wuya hanya ɗaya mai araha ta ba shi duka biyun.

Ga wanda iya aiki yake so, shawarata ita ce ya fara da abin da ake saukewa sau ɗaya a ajiye a waya. Malamin da ke koyarwa a wani ƙauyen Sumaila ko Babura, inda sabis kan ɗauke da zarar hadari ya taso, zai iya sauke takardu ranar da ya shiga gari karɓar albashi, ya yi ta karanta su har ƙarshen zango. Ƙungiyar laburarori ta duniya, IFLA, ta fitar da bugu na biyu na jagoranta kan laburaren makaranta a 2015, kuma kyauta ake samunsa a shafinta. Yana bayyana aikin mai kula da laburare, da yadda zai haɗa kai da malaman aji, da yadda ake tsara manufar zaɓen littattafai. Rauninsa shi ne an rubuta shi ga duniya baki ɗaya, don haka wasu sassansa suna ɗauka cewa makaranta tana da kasafin kuɗin sayen littattafai duk shekara. Abin da ya fi shi kusa da halinmu shi ne littattafan darasin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, waɗanda kowa zai iya saukewa ko da ba ɗalibinta ba ne. A cikinsu akwai darussan rarraba littattafai da yi musu katalogi, an tsara su kashi-kashi don mai karatu shi kaɗai.

Rarraba littattafan nan shi ne ya fi cancantar malami ya ba shi lokacinsa tun farko. Tsarin Dewey na ba littattafai lamba bisa fanninsu, wanda aka fara bugawa a 1876, ya kasa ilimi gida goma, kuma sanin waɗannan gidaje da 'yan rassansu ya wadaci laburaren firamare ko ƙaramar sakandare. Sai dai an gina tsarin ne a Amurka, shi ya sa addinin Musulunci ya samu lamba 297 kaɗai a cikin gidan addini, adabin Hausa kuma yana can 893.72. A makarantar da littattafan addini da na ƙagaggun labaran Hausa su ne yara suka fi ɗauka, babu laifi malami ya keɓe musu kanta ta musamman kusa da ƙofa, ya rubuta sunanta da Hausa da manyan baƙaƙe. Babu kwas ɗin ƙasar waje da zai gaya masa haka, shi ne zai lura da hannun yara inda yake miƙewa.

Kwasa-kwasan da ake bi kai tsaye ta intanet sun fi cin data. Shafin WebJunction, wanda cibiyar haɗin gwiwar laburarori ta OCLC da ke Amurka ke gudanarwa, yana ba da gajerun darussa kyauta tare da shaidar kammalawa, amma misalansa na laburarorin garuruwan Amurka ne, Turancinsa kuma da sauri. Ƙungiyar laburarorin Afirka, AfLIA, wadda aka kafa a 2013 take da hedikwata a Accra ta ƙasar Ghana, tana shirya laccoci ta bidiyo, kuma masu magana a ciki 'yan Afirka ne da suka san matsalar rashin wuta da ƙarancin littattafai. Tsakanin biyun na fi karkata ga AfLIA. Duk da haka, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: laccar bidiyo ta kai tsaye tana yankewa inda sabis ba shi da ƙarfi, don haka ya fi kyau a nemi wadda aka naɗa aka ajiye, a sauke ta lokacin da data take da rangwame.

Batun takardar shaida kuwa yana bukatar taka-tsantsan. Majalisar rajistar ma'aikatan laburare ta Najeriya, LRCN, wadda doka ta kafa a 1995, ita ce ke yi wa ƙwararru rajista, kuma mafi ƙarancin abin da take karɓa shi ne digiri a fannin laburare. Ma'anar wannan ita ce satifiket ɗin kwas na mako biyu da aka gani a zauren WhatsApp, komai kyawun hatiminsa, ba zai mai da malami ma'aikacin laburare mai rajista ba. Wanda yake son ya mai da aikin sana'arsa ta dindindin yana da zaɓi biyu a kusa. Jami'ar Bayero tana da sashen nazarin laburare, inda ɗalibi zai zauna da malamai ido da ido, ya taɓa aikin da hannunsa a babban laburare, amma sai ya samu izinin tafiya karatu daga hukumar da yake wa aiki, ya kuma ɗauki nauyin zaman birni. NOUN kuwa tana barin mutum a bakin aikinsa, sai zuwa cibiyar karatu lokacin jarrabawa, sai dai tana bukatar mai iya tilasta wa kansa karatu bayan gajiyar aji da ta gona. Ga malama mai iyali a Birnin Kudu ko Rano, ina ganin ta biyun ta fi sauƙin ɗorewa. Kowanne aka zaɓa, a fara tambayar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce ko za a amince da takardar wajen ƙarin girma.

Shiga ƙungiya ma yana da amfani. Ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasa, NLA, tana nan tun 1962 da rassa a jihohi, sannan akwai ta laburarorin makarantu, NSLA. Ribar da ta fi girma a nan ita ce samun wanda za a kira a waya idan aiki ya cushe.

Sai kayan da yara za su karanta, wanda shi ne dalilin duk wannan wahala. Shafukan intanet na African Storybook, da aka fara a Afirka ta Kudu, da StoryWeaver na Indiya, duka suna da labaran yara da Hausa masu hotuna, kuma lasisinsu ya ba da damar a sauke, a buga a takarda, har a fassara. Lallai malami ya karanta kowane labari kafin ya buga shi, saboda wasu fassarorin ba su da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, yaron da ke koyon karatu kuwa wannan kuskuren yana rikita shi. Akwai kuma dandalin darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, wanda ke bin manhajar karatun ƙasar nan. Inda makaranta ta mallaki ko da tsohuwar kwamfuta ɗaya ce, manhajar Kiwix na ba da damar ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba, manhajar Kolibri kuma na raba darussa ga wayoyin da ke kusa ba tare da data ba.

Game da manhajar lissafin littattafai irin su Koha, ba na ba laburaren da littattafansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba shawarar ya fara da ita. Kyauta ce, amma girka ta da kula da ita na bukatar ƙwararre da tsayayyiyar wuta. Babban littafin rajista mai layuka, da wani na rubuta littattafan da aka ara, za su yi aikin. Idan kwamitin gudanar da makaranta ko ƙungiyar iyayen yara suka tara ɗan abin da ya samu, a fara da ƙaramin sola na caji, da katin ajiya mai faɗi, da kuɗin buga labaran Hausa da ɗinke su, sannan a sayi maganin gara kafin damina ta faɗi.