Wani ɗan shagon littattafai a Madina

Na shiga wannan ɗan shago da ke wani lungu kusa da Masallacin Annabi ne ina neman abin karantawa a kan tsohuwar tambayar nan: idan Allah ya riga ya ƙaddara komai, da wace hujja za a kama bawa da laifinsa? Mai shagon, wani dattijo Bahaushe haifaffen Madina, bai yi mini gaggawa ba. Ya sauko da littafin Shifa'ul Alil na Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya goge ƙurar bangonsa da bakin rigarsa, sannan ya warware mini yadda mabiya mazhabar aƙida ta Jabariyya suka mayar da mutum tamkar gashin tsuntsu a cikin iska, mabiya mazhabar Mu'utazila kuma suka ce mutum ne ke halittar ayyukansa, alhali malamin aƙida Ash'ari ya bi tsakiya da ra'ayin kasbu, wato Allah ne ke halittar aiki, bawa kuma ya ɗauki alhakinsa saboda shi ya nufe shi.

Littattafan suna da ɗan tsada, kuma babu fassarar Hausa ko ɗaya, abin da ya ba ni takaici. Da na koka da farashin, sai dattijon ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, ai saye dai zaɓinka ne.” Na ciro riyal na biya.