Jarumin kirkin ne ya fi ƙona min rai

Ranar kasuwar Wudil na sa wani mai tura fina-finai ya zuba min wani littafi na sauraro a memori. Irin labaran nan ne da suka yi fice a Japan: a ɗauko saurayi daga duniyarmu a jefa shi duniyar matsafa da dodanni, a ce shi zai kashe Sarkin Shaiɗanu, kuma duk garin da ya shiga sai wata budurwa ta liƙe masa. A wannan su biyu aka kirawo, ɗaya mai farin takobi da daɗin baki, ɗayan mugu, ba ya zare takobi sai an biya shi. Muryar mai karatun garau take, har ƙannena kan zagaye wayar bayan Isha'i.

Sai aka zo wurin da ya tsaya min a rai. Dodanni sun yi wa wani ƙauyen manoma ƙawanya ana tsaka da girbi. Dagacin garin ya durƙusa, ya riƙe linzamin dokin jarumin kirkin yana kuka. Nan take aka kawo labarin an sace wata gimbiya. Wallahi fizge linzaminsa ya yi, ya bi gimbiya! Aka ƙone rumbuna, aka kashe yara, marubucin bai ko waiwaye su ba, ya tafi siffanta gashin gimbiya da idanunta. Duk wanda ya taɓa ganin rumbun gero yana cin wuta ya san yunwar shekara ce take ci. Mugun ne ya zo daga baya, ya karɓe shanunsu lada, ya fatattaki dodannin. Ba na son halinsa, amma saboda shi aka bar masu rai a garin.

Da niyyata in ce a saya ko don faɗan, domin yana da daɗi. Amma in na tuna matan sai raina ya sake ɓaci. Su bakwai, babu mai uwa, babu mai waliyyi, babu aure, ko kishi na gaskiya babu. Mu da muka tashi a gidan mace biyu mun san ba haka zuciyar mace take ba. Tun daga nan na daina kunnawa a gaban yara.

Kashi na ƙarshe ma babu shi a memorin. Da na koma, mai turawar ya ce sai na ƙaro kuɗi, alhali cikakke ya ce min tun farko. Ban ƙara ko sisi ba.