Wata uku a ajin haɗa ƙyallaye kusa da Wadata

Wata uku na yi ina zuwa wani ɗan ajin ɗinki kusa da cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata, nan Yamai, wajen wata Hajiya mai koyar da haɗa ƙyallaye a yi bargo ko shimfiɗar gado. Jika 15 nake biya a wata, Asabar da Lahadi.

Ranar farko na je da waya cike da hotunan barguna irin na matan Amurka, masu taurari da kusurwoyi. Hajiya ta duba, ta miƙo mini wayata ta ce, "Ƙanwata, wannan hannun wasu ne. Ina naki?" Ba ta bar ni na taɓa almakashi ba, sai ta tura ni gidan tarihi na Boubou Hama in zauna gun masaƙa in yi kallo. Can idona ya tsaya kan tera-tera, bargon Zabarmawa da ake kai amarya da shi. Dogaye sirara ake saƙa shi, sannan a ɗinke gefe da gefe, baƙi na bin fari, ja ya ratsa tsakani. Na dawo na daina yanka murabba'i, na koma yanka dogayen layuka. Tun daga nan duk wanda ya ga aikina a ajin ya san nawa ne.

Shimfiɗata ta farko daga zannuwan marigayiya mahaifiyata na yi ta, da ragowar atamfa da telan unguwarmu ke tara mini a leda. Hawa uku ake yi: fuska, ciki da baya. Hajiya ba ta yarda a sa soso a ciki ba, tsohon zane take sa mu shimfiɗa, don garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, bargo mai kauri sai dai Disamba da Janairu. Wannan shawara kaɗai ta biya kuɗin.

Amma akwai abin da ya ɓata mini rai. Mu tara ne, kekuna uku, ɗaya ne kawai na ƙafa; in wuta ta ɗauke sai layi. Wanda ya fi ciwo, ba a gaya mana mu wanke ƙyallaye kafin ɗinki ba. Wankin farko, rinin wani shuɗin yadi ya zuba kan farar shaddar da Inna ke ɗaurawa ranar Salla. Na zauna bakin baho na yi hawaye. Hajiya ta ba ni haƙuri, ta ce mantuwa ce, kuma yanzu da wannan take fara darasi.

Na sake biyan wata uku. Ƙyallayen shimfiɗa ta biyu suna kan igiya yanzu haka, kowane launi na wanke shi a bokitinsa daban.