Gyambon ciwon suga: kafin a biya kuɗin ɗakin oksijin

Mai ciwon suga da gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, da zarar ya ji an ambaci yanke ƙafa, ko gona ce zai sayar ya nemi magani. Shi ya sa nake son 'yan uwa a Zariya su san abin da za su saya idan aka yi musu tallar ɗakin oksijin.

Na ainihin, rufe mutum ake yi a ciki ya shaƙi zallar oksijin, an matse iskar ta ninka wadda muke shaƙa sau 2 zuwa 2.5. Matsin ne ke sa oksijin ya narke a jini ya isa naman da ke neman mutuwa. Kowane zama minti 90 ne zuwa awa 2, kwana 5 a mako, har sau 30 ko 40. Idan Abuja ko Legas za a je, a lissafa masauki da abincin mai jinya na mako 6 zuwa 8, don yin rabi a tsaya asara ce. Akwai kuma na leda da ake hurawa, matsinsa yawanci bai wuce sau 1.3 ba. Ba shi likitoci ke nufi ba, kada a biya ko sisi.

Ko na ainihin ma, masana ba su haɗu a kansa ba. Wani babban nazari na 2015 ya ga yana hanzarta warkewa a makonni 6 na farko, amma bayan shekara bambancin bai fito ba. A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya ta ce kada a yi shi sai cikin bincike. A Amurka inshorar gwamnati tana biya, amma sai gyambon ya yi zurfi kuma an yi kwana 30 ana jinyar da aka saba ba ci gaba.

Ni a ganina, kuɗin farko na jinyar da aka saba ne. A je asibitin koyarwa na Shika a auna gudun jini a ƙafar, a kankare mataccen nama, a kashe ƙwayoyin cuta, a saita suga, a ɗauke wa ƙafar nauyi da ɗaurin filasta ko takalmi na musamman. Jijiyar da ta toshe buɗewa take buƙata. Oksijin ba zai yi wannan aikin ba.

Idan likitanka ya ce a ƙara da shi, tambayi matsin na'urar, da ko likita na wurin. Matsin yakan taɓa kunne, suga kuma yakan faɗi a ciki, don haka a auna shi kafin kowane zama.